Abinci da ciwon kyarma

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa ganin dattijon da hannunsa ke kyarma ko yana zaune, tafiya ta yi masa nauyi? Ba sammu ba ne. Likitoci na kiransa ciwon Parkinson, sunan likitan Ingila da ya bayyana shi a 1817. Wasu ƙananan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali.

Akwai mai shi a ajinmu na yaƙi da jahilci. Rubutunsa sai ƙanƙancewa yake yi. Ɗiyansa suka tambaye ni: "Malam, wane abinci ke warkar da baba?" Na ce babu. Duk mai tallar garin da ke warkarwa, kuɗinku yake so.

Amma abinci na taimako. Ciwon na ɗaure ciki, sai a yawaita masa zogale, rama, miyar kuka da ruwan sha. Nama, nono da wake kan rage ƙarfin levodopa, maganin da likita ke bayarwa. Kada a hana shi su, ya dai sha ƙwayar rabin awa kafin cin abinci.

Kai manomi, an gano masu yawan aiki da wasu magungunan feshi sun fi kamuwa. In za ka yi feshi, rufe hanci da hannu.