Girkin Manya a Mashayar Unguwa

Yau hirarmu ta girki ce, kuma daga inda ba ku zata ba. Na san da na ambaci mashaya wasu za su ɗaure fuska, kuma da gaskiyarsu. Mashayar unguwa a Ingila gidan sayar da giya ne, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, kuma ba wurin zamanmu ba ne. Amma abin da ya faru a ɗakunan girkin waɗannan gidaje ya isa duk mai riƙe ludayi ya tsaya ya saurara.

A da, wanda yunwa ta kai shi irin wannan wuri, sai dai ya samu gyaɗa, ko soyayyen dankali na leda, ko abincin da aka ɗumama. A 1991 wasu mutum biyu, David Eyre da Mike Belben, suka karɓi wata tsohuwar mashaya a Landan mai suna The Eagle. Suka kafa murhu inda kowa ke ganin mai girki, suna rubuta abincin ranar da alli a kan allo. Kujerun ma kowace da kamanninta. Ba su gyara ɗaki ba, tukunya suka gyara, kuma mutane suka yi ta tururuwa. Daga nan wasu suka bi sahu.

Kun san kamfanin taya na Faransa, Michelin, shi ke fitar da littafin da ke bai wa gidajen abinci tauraro, kuma masu girki a Turai na kwana suna mafarkin ko da guda ɗaya. To, Tom Kerridge da matarsa Beth sun buɗe The Hand and Flowers a garin Marlow, a bakin kogin Thames, a 2005. Cikin shekara guda suka samu tauraro. A littafin 2012 aka ƙara musu na biyu, abin da wata mashaya ba ta taɓa samu ba kafin su.

Amma tsakanina da ku, wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Stephen Harris. Bai je makarantar koyon girki ba. A da ma'aikacin harkar kuɗi ne a Landan, yana kashe albashinsa a manyan gidajen abinci, ya koma gida ya yi ta gwadawa har sai ɗanɗanon ya fito. A 1999 ya karɓi The Sportsman, wani gida da duk ya ji jiki a Seasalter, bakin teku a yankin Kent, inda babu komai sai fadama da tumaki da iska. Ya duba kewayensa ya yanke shawara: abin da wannan ƙasa da wannan ruwa suka bayar, shi zai dafa.

Ku da ba kwa wasa da gishiri a miya, ku ji wannan. Mutumin nan yakan ɗebo ruwan teku daga bayan gidan, ya tace, ya ɗora a wuta ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone, gishiri ya kwanta fari fat a gindin tukunya. Man shanun da ake kawowa da burodi a nan ake kaɗa shi, kamar yadda matan Fulani ke kaɗa nono a gora har mai ya taso. Abincin da ya fi yi masa suna kuwa wani ɗan ƙaramin kifi ne mai faɗi, ana gasa shi da man shanun da aka cuɗa da ciyawar teku. Haka ake ajiye shi a faranti shi kaɗai, babu ganye babu ado. Wanda bai yarda da kifinsa ba, ba zai iya wannan ba, don babu miyar da za ta rufa masa asiri.

A 2008 gidan ya samu tauraronsa. A 2016 da 2017 kuma aka zaɓe shi gidan abinci mafi kyau a duk Birtaniya, ya wuce manyan wurare na Landan masu labule da fitilu.

Wadda hanya ta kai ta Ingila ta sani, naman alade da giya na shiga girkinsu da yawa, har cikin miya da romo, saboda haka tambaya wajibi ce kafin a kai loma baki. Ni dai darasin nake so mu ɗauka mu bar musu sauran. Mu daina jin kunyar ƙaramin kicin da tsohuwar tukunya. Ku sayi kayan miya masu kyau a lokacinsu, ku san hannun wanda ya sayar muku, ku ba wuta haƙƙinta, kada ku binne ɗanɗano da tarin sinadari. Girki mai kyau kula ce da haƙuri, kuma waɗannan biyun ba a sayensu da kuɗi.