Daga Tamale Zuwa Dutsen Gambaga: Shin Keken Tsauni Ya Ci Kuɗinsa?

Duk baƙon da ya sauka Tamale daga Kumasi ko Ankara, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne yawan kekuna. Gaskiya ne babura da masu ƙafa ukun nan da ake kira yalo-yalo sun cika gari, amma keke bai bar musu hanya ba, har ma an ware masa gefensa a wasu manyan tituna. Za ka ga malami da babbar riga yana tuƙi, ga mace da goyo a baya da kayan miya a kwando, ga 'yan makaranta bibbiyu a kan keke ɗaya.

Kekunan garin iri uku ne. Akwai baƙin keken nan na dauri, Phoenix, ɗan birnin Shanghai na ƙasar Sin, wanda masu raha suke kira Busanga Volvo, shi ne kuma ya gaji Rali na kakanninmu. Akwai na gwanjo masu kwando da ake kawowa daga Japan, waɗanda mata suka fi so. Na ukun shi ne keken tsauni mai faffaɗar taya da giya barkatai, wanda yara suke kira mauntin. A kan wannan na ukun ne iyaye a zango suke yawan tare mu da tambaya, da yake mu malaman makaranta ne. Yaro ya sami makarantar da ke da nisa da gida, ya kafe shi sai mauntin, uban kuwa sai ya sayar da buhunan masara ko ya taɓa jarinsa kafin ya saya. Shin kuɗin da ake sa wa keken nan daidai ne, ko kuwa ado ake sayar mana?

Da yake an ce gani ya kori ji, sai mu uku muka yi shawara a hutun Disamba mu kai kekuna inda tsauni yake. Ɗayanmu ya zo da Phoenix, ɗaya ya ari sabon mauntin na kanti mai sheƙi wanda ɗan'uwansa ya saya wa ɗansa, na ukun kuma tsohon mauntin na gwanjo wanda fentinsa ya koɗe. Muka ɗaure su a saman mota zuwa Walewale, tafiyar fiye da kilomita 100 a kan hanyar Bolgatanga.

Kafin mu hau, bari mu ɗan gaya wa mai karatu asalin wannan keke, domin a nan ne rabin amsar take. A wata gunduma mai suna Marin a jihar Kalifoniya ta Amurka aka haife shi. Wasu samari ne suka riƙa tattaro tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, suna gangarowa da su daga kan tudu don wasa. A 1976 suka fara tseren da suka sa wa suna Repack, saboda duk gangarowa ɗaya sai birkin ya ƙone man da ke cikinsa, sai an sake cusa wani. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keke musamman don wannan aiki, a 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka buɗe kamfanin sayar da irinsa, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a kan dala 750. Zuwa 1996 an shigar da tseren cikin wasannin Olamfik a Atlanta. Wato dai tun farko abin wasa ne na mutanen da suke da mota a gida. Ba a yi shi don kai gero kasuwa ba, shi ya sa ma yake zuwa ba kariya, ba abin tare laka, ba jingina.

A yau manyan cikinsu suna haura dala 10,000 a Turai da Amurka, kuɗin da zai sayi babura da dama a Tamale. Kada mai karatu ya yi saurin cewa zamba ce. Jikin irin waɗannan ba ƙarfe ba ne, wani zare ne na kabon da ake gasawa da danƙo, har keken tsere yakan tsaya a wajen kilo 10, alhali Phoenix ya kusan ninka haka. Birkinsa da mai yake aiki kamar na mota, shokozobarsa kuma da iska da mai. Ga wanda zai ci tsere da daƙiƙa biyu, wataƙila kuɗin ya halatta. Mu dai a kasuwar Aboabo ba mu ga ko ɗaya ba, kuma ba su ne suke cin kuɗin iyayen yara ba.

Daga Walewale muka yanki gabas. Hunturu ya sauka, ƙura ta rufe nesa, an gama girbi, sai karan dawa a tsaye tsakanin itatuwan kaɗanya da ɗorawa. Tafiyar Gambaga ta kai kilomita 50, kuma ƙasar tana ɗagawa a hankali ba tare da mutum ya lura ba sai cinyarsa ta gaya masa. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya Phoenix ne sarki. Tayarsa mai inci 28 ce, idan ya ɗauki gudu sai ya yi ta tafiya kamar raƙumi, mai shi yana zaune tsaye da bayansa a miƙe. Sabon mauntin kuwa tun a nan ya fara nuna hali. Yana da shokozoba gaba da baya, to duk taka feda ɗaya sai ya lotsa, ƙarfin da ya kamata ya tafi ga taya sai ya ƙare a wajen rawa. Da muka ɗaga shi muka ɗaga Phoenix, ba mu iya cewa ga wanda ya fi nauyi ba.

Da muka ratse zuwa wani ƙauye neman ruwa, a kan jar hanya mai tsakuwa da yashi, sai magana ta juya. Siririyar tayar Phoenix ta riƙa nutsewa, mai shi ya sauka ya tura. Faffaɗar taya da ƙaramar giya suka yi ranarsu, tsohon na gwanjo ya wuce abinsa. Sabon ma ya wuce, sai dai sarƙarsa ta zame sau biyu, kuma kafin mu koma babbar hanya ƙarfen canza giya na baya ya lanƙwashe ya shiga cikin wayoyin taya.

Gambaga tsohon gari ne, kuma duk Bahaushe ya kamata ya san shi. Ayarin fatake masu zuwa Salaga neman goro sun yada zango a nan, kuma nan ne Turawan Ingila suka kafa hedkwatar mulkin Arewa kafin su mayar da ita Tamale a 1907. Mu kam abin da ya kai mu cikin gari shi ne neman mai gyara. Muka sami wani dattijo a gindin dalbejiya, da famfonsa da kwanon ruwan faci da akwatin tsofaffin ƙarafa. Muka gaisa da Hausa, muka ce, "Baba, ga mara lafiya mun kawo maka." Bai ko tambayi abin da ya faru ba. Ya sa hannu ya miƙe ƙarfen kamar mai miƙe cokali, ya nuna mana cewa abin da hannu ya miƙe, hanya za ta sake lanƙwasa shi. Ya juya keken ya nuna mana boris ɗin da tuni ya fara kaɗawa, da madaurin birki na roba, da tambarin da aka manna mai kama da sunan wani sanannen kamfani an sauya harafi ɗaya. Shokozobar baya kuwa sifirin ne kawai a cikin gwangwani, ba mai ba komai, in ta mutu sai a jefar.

Sa'an nan ya jawo tsohon na gwanjo. Ƙirar shekarun 1990 ce, jikinsa ƙarfe ne mai kyau, ba shokozoba ko ɗaya, taya inci 26, giyarsa ta Shimano ta ainihi. Ya ce irin wannan ba abin da zai lalace a jikinsa da ba shi da shi a akwati, in ma ya tsage mai walda zai ɗinke shi. A nan muka gane ma'aunin da ya kamata a auna keke da shi a ƙasarmu. Kuɗin keke ba ya ƙarewa a ranar saye. Abin tambaya shi ne, idan ya tsaya da yaro a Gambaga ran Talata, zai iya zuwa makaranta ran Laraba?

Da wannan ma'auni, mai tsadar nan na Turai ma ya faɗi, duk da kyawunsa. Tayoyin sababbin inci 29 ne ko 27.5, sarƙarsu siririya ce mai giya 12, man birkinsu na musamman ne. Wasu masu ƙera shokozoba sun ƙayyade a buɗe ta a sake mata mai bayan kowace awa 50 ta hawa. To, bari mu yi lissafi irin na aji huɗu. Yaron da yake tuƙa awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, kwana 5 a mako, zai cinye awa 50 cikin mako 5. Ke nan sau biyu ko fiye a zangon karatu ɗaya, a garin da ba mai kayan buɗe ta. Ga kuma sha'anin canji. A 2007 da aka sauya kuɗi, sidi ɗaya ya kusan daidai da dala ɗaya, amma a 2024 sai da dala ta haura sidi 15. Duk ƙarfen da za a jira daga waje, da dala ake lissafinsa.

Muka kwana Nalerigu, kimanin kilomita 8 daga Gambaga, garin Nayiri, sarkin Mamprusi, wanda ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 2019. Da safe muka leƙa ragowar ganuwar Naa Jaringa, muka kama hanyar Nakpanduri, ƙasar Bimoba.

Nakpanduri tana bakin dutsen ne sosai. Dutsen Gambaga doguwar katanga ce wadda tsayinta daga teku yake tsakanin mita 300 da 460, kuma kogin Farin Volta yana bin gindinta ta wajen yamma. Idan ka tsaya a baki, ƙasa sai ta yanke a gabanka, ka hango filin da ya miƙe zuwa Garu, gidaje kamar an watsa tsaba, shaho yana shawagi a ƙasa da ƙafarka. Mun daɗe a wurin ba mai magana. Hanyar da ta gangara tana murɗawa kamar maciji, kuma a nan ne kaɗai cikin tafiyar duka muka ga wurin da ya dace da sunan keken tsauni.

Mai Phoenix ya dubi gangaren ya dubi birkinsa na sanda, ya ce shi yana da iyali, ya sauka ya riƙe keken a hannu. Ba mu ga laifinsa ba, don mun tarar da mutanen wurin ma haka suke yi idan sun yi lodi. Mai sabon keke ya gwada, amma da ya matse birki sai madaurin robar ya riƙa lanƙwasa, keken yana ƙara yana ci gaba, dole ya haɗa da ƙafa. Tsohon na gwanjo ne ya sauka lafiya, ya kuma hawo da ƙaramar giya ba tare da mai shi ya taka ƙasa ba, ko da yake ya iso yana haki kamar wanda ya yi dambe. Muna hutawa sai ga wani manomi ya turo tsohon mauntin irinsa, an yi masa kariya ta rodi a wajen mai walda, an ɗaura buhu da jarka biyu. Wato mutanen dutse sun riga mu yanke hukunci.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Ƙungiyar Village Bicycle Project, wadda ta fara aiki a Gana a 1999, tsofaffin kekuna take kawowa ƙauyuka a farashi mai sauƙi, kuma takan haɗa da koyar da gyara. Ita kuwa World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keke don ƙauyukan Zambiya da Kenya, ba ta sa masa shokozoba ba. Ta yi Buffalo, ƙarfe zalla, mai kariyar da take ɗaukar kilo 100.

Saboda haka ga abin da muke gaya wa iyaye. Mai tsadar can ya ci kuɗinsa a wurin masu tsere, ba ruwanmu da shi. Wanda bai ci kuɗinsa ba shi ne sabon nan mai sheƙi da shokozoba biyu, domin an kwaikwayi kamannin mai tsada ne da kayan banza, kuma shi ne yara suka fi nunawa da yatsa. Araha ba ta ado, balle ma wannan ba araha ba ne, sau da yawa kuɗinsa ya kai na gwanjo mai kyau ko ya fi. Idan hanyar makarantar shimfiɗaɗɗiya ce kamar ta cikin Tamale, Phoenix ko mai kwando ya wadatar. Idan akwai yashi da hawa, a nemi tsohon mauntin mara shokozoba mai taya inci 26.

Gwanjo ma ba duka ne na kirki ba, don akwai dillalan da suke fesa wa mataccen keke fenti. A tafi da mai gyara ranar saye, a ba shi ɗan na goro. A sa maganaɗisu a jikin keken, in ya kama to ƙarfe ne, mai walda zai iya da shi. A duba mahaɗar da ke ƙarƙashin sirdi da ta wuya ko akwai tsaga, a juya tayoyi a ga ko suna layi, a dubi haƙoran giya ko sun yi tsini. A kuma rage wani abu daga kuɗin don sabuwar sarƙa, da robar birki, da kariyar da yaro zai ɗaura jakar littattafansa.