Masu Biyan Kuɗi Don Su Ci Abinci Da Ɓera

Kusa da birnin Paris na ƙasar Faransa akwai wani babban wurin shaƙatawa, ana ce masa Disneyland. An buɗe shi a shekarar 1992. Na farko irinsa yana Amurka, tun 1955 aka buɗe shi. A wurin akwai masaukin baƙi da filayen wasa da gidajen abinci. Mutum yakan kwashi iyalinsa su je su yi kwana biyu ko uku.

A wasu gidajen abincin, ba abinci kaɗai ake saya ba. Kuna zaune kuna ci, sai ga wani ƙaton ɓera ya shigo, da manyan kunnuwa baƙaƙe. Sunansa Mickey. Ba ɓeran gaske ba ne fa, ma'aikaci ne ya sa kaya. Asalinsa zane ne da aka fara nunawa a silima a 1928. Yana bin tebur tebur, ya rungumi yara, a ɗauki hoto, ya rubuta musu sunansa a ɗan littafi. Ba ya cewa uffan, dokar aikin ke nan. Ba ya cin ko loma ɗaya. Abincin nan ya fi na sauran wurare tsada, kuma sau da yawa sai an kama wuri tun da makonni.

Wani ƙanena da ke aiki a Yamai ne ya nuna mini abin a wayarsa. Na kai labarin ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Dakoro. Aka yi ta dariya. Wani dattijo ya ce, "Malam, mu muna neman yadda za mu rabu da na rumbu, su kuma har biya suke yi?" Amma a ajin mata, wata ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai wannan tashe ne."

Gaskiyarta. Ku tuna. Azumi ya kwana goma, an sha ruwa, ana cin tuwo a tsakar gida, sai a ji sallamar yara. Wannan ya manna auduga a haɓa, ya riƙe sanda, ya zama tsoho. Wancan ya cusa tsumma a riga, ya yi tumbi. Ƴan mata na biye da ƙwarya. Su yi wasansu, a yi dariya, uwar gida ta zuba musu hatsi ko a ba su dala biyar, su wuce gaba.

Sai dai akwai bambanci, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. A can, babba ne ke sa kaya, yaro na kallo. A nan, yaro ne ke sa kaya, babba na kallo. Kuma ɗan tashe ba ya yin shiru kamar Mickey. Yaron da ba ya iya ɗaga ido ya dubi kawunsa, ranar nan sai ya tsaya gabansa ya kwaikwayi marowaci, ko gwauro, ko mai gidan da ya bar iyali da yunwa. Kawu ya ji, ya yi dariya, wani lokaci ma ya ji kunya. Na lura a aji, waɗanda suka yi tashe suna yara ba su tsoron tashi su je allo.

Yanzu wasu kan rufe ƙofa, su ce bara ne. Ban yarda ba. Mai bara hannu kawai ya kawo. Ɗan tashe kuwa ya yini yana haɗa kaya, ya koyi waƙa, ya kawo aiki har gida. Wasu iyaye kuma tsoron yawon dare suke yi. Wannan kam tsoro ne mai dalili. Maganinsa, yara su tsaya cikin unguwarsu, wani yayansu ya raka su, su dawo kafin dare ya yi nisa.

Na ba ɗalibaina aiki kafin azumi mai zuwa. Kowa ya rubuta wasan tashe ɗaya da ya yi yana yaro: sunan wasan, kayan da ake sawa, da wanda ake yi wa ba'a. Layi biyar ya isa. Ku ma da kuke karatu a ƙauyukan Korahan da Kornaka da Sabon Mashi, ku rubuta naku ku ba malaminku ya aiko mana.