Ɗakin Goggo Mai Shuɗin Fenti

'Yan'uwana ɗalibai, kun saba jin bakina a kan zancen alli da allo, amma yau maganar fenti da taga na kawo muku. Kada ku yi mamaki. Da kuɗin hayar ɗaki ake biya mini kwaleji, saboda haka in ɗaki ya kwana ba kowa, ni ne ba na samun barci.

Goggona ce ta riƙe ni tun ina ɗan shekara tara. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aiki ya kawo shi Ibadan daga Kafanchan. Da ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki shida a Mokola, ba nisa da Sabo. Irin ginin nan ne da ya cika garuruwan Kudu, watau dogon lungu a tsakiya, ɗaki uku dama, uku hagu, ƙofa tana kallon ƙofa, madafa da makewayi can baya. Tana zaune cikin biyu, huɗu kuwa na haya ne.

A farkon 2024 mutum biyu suka tashi cikin wata guda. Goggo ta ce za ta yi wa ɗakunan gyaran da ba a taɓa gani ba a layinmu. Ta kwashi adashinta, ta sa aka shafe bango da fentin mai, shuɗi mai duhu, tun daga ƙasa har silin. Ta shimfiɗa leda mai jajayen furanni. Ta sayo fitila mai ƙyalƙyali ta rataya a tsaka, ta sa kafinta ya kafa babban kabad, kāna ta liƙa kalandar coci a kowane ɗaki don neman albarka. Dillali ya yi ta kawo mutane. Su shiga, su duba, su ce za su dawo, shi ke nan. Wata biyar ana haka.

Da fari ni ma na zaci kuɗin ne ya yi yawa. Ban gane ba sai da aka aike mu gwajin koyarwa garin Oyo, ya zama tilas in nemi ɗaki da kaina. Ɗaki bakwai na duba. A na huɗu ne na lura da abin da nake yi ba da sanina ba. Da na shiga sai in ja numfashi, hanci ya riga ido yanke shari'a. Sa'an nan in dafa bango da tafin hannu, in ji ko da danshi. In nufi taga in buɗe. In auna ƙasa da taki, ko katifa za ta shiga ta bar wurin tebur. In nemi soket. Ko sau ɗaya ban ɗaga kai na dubi fitila ba.

Da na komo gida hutu, na karɓi mabuɗi na shiga ɗakin Goggo kamar baƙo. Wari ya tare ni a bakin ƙofa, irin na tufafin da aka naɗe ba su bushe ba. Ga shi rana tsaka, amma ciki sai ka ce almuru. Na ɗaga gefen leda, na tarar siminti ya jiƙe. Fenti kuma ya yi bororo kusa da ƙasa. Wanda ya zauna Ibadan ya sani damina a nan doguwa ce, tun wajen Maris har Oktoba, bango yana shan ruwa. Fentin mai kuwa rufe bango yake yi kamar fata, ruwa ba ya samun mafita. Leda ita ma haka take yi wa daɓe.

Faɗa wa Goggo shi ne babban aiki. Yaya ɗan da aka goya zai ce wa wadda ta goya shi adashinta ya tafi a banza? Na kwana biyu ina kewaye-kewaye. Da na faɗa, ta dube ni ta ce, "Malam, ashe har fenti ake koya muku a kwalejin?" In ta kira ni Malam, to, ba yabo ba ne. Daga bisani ta ce ta ba ni ɗaki ɗaya, in na ɓata shi in ji da kaina.

Ni da wani abokina muka kankare bango. Birkila ya gano inda ruwan indararo ke kwanciya a gindin ginin, ya yi masa hanya. Muka bar ɗaki a buɗe mako biyu ya sha iska. Sa'an nan muka shafa fentin ruwa mai launin madara. Wannan dabara ba tawa ba ce. A makarantar mishan inda na yi firamare, kowace sabuwar shekara akan shafe azuzuwa da farar ƙasa, mu ke ɗebo ruwa, kuma ban manta yadda aji kan ƙara girma a idonmu ranar da aka gama ba. Fentin mai muka bar wa ƙofa da katakon taga, inda hannu ke yawan taɓawa.

Taga ce ta ci yawancin kuɗin. Ta dā marfin katako ce: in ka buɗe, sauro da idon masu wucewa, in ka rufe, duhu da gumi. Kafinta ya so mu sa irin ta zamani wadda ake turawa gefe, na ƙi, gama rabinta kaɗai ke buɗuwa. Muka sa mai jerin yankan gilashi, wadda kan buɗe daga sama har ƙasa, ana iya karkata ta ko ana ruwa, da ragar sauro da ƙarfe a bayanta. Muka huda kafa bisa ƙofa don iska ta sami wurin fita. Sauran ƙananan abubuwa ne: sandar labule a ƙofa da taga, soket na biyu, ƙugiyar fanka, da katako mai maratayi shida don kada a cika bango da ƙusa. Mita ta dabam na so, amma aljihu bai kai ba.

Kalanda ma sai da muka yi magana. Na ce, "Goggo, rabin masu zuwa duban ɗakin nan daga Sabo suke. Ba wanda zai ce miki komai, amma zai ga kamar an riga shi shiga. Ko ɗan cocinmu ne, tasa zai so ya rataya." Ta yi shiru, ta cire da hannunta.

Kada ku ce komai na yi daidai ne. Na fitar da kabad ɗin nan, wai yana cin wuri, har ina jin kaina gwani. Bayan kwana tara wani mai ɗinkin hula daga Sabo, wanda ke shirin aure, ya zo tare da yayarsa. Ita ce mai duba. Ta shaƙi iska, ta dafa bango, ta tambayi ina ne gabas, ta ja sandar labulen ƙofa ta ji ƙarfinta. Ta ce ɗakin nan ya fi na kusa da shi faɗi, alhali kuwa awonsu ɗaya. Sa'an nan ta juya ta ce, "To, ina amarya za ta yi jere?" Goggo ta dube ni, ba ta ce uffan ba. Da yamma ni da abokina muka mayar da kabad, sai da gumi. Suka biya kuɗin shekara, da shi na koma kwaleji.

Ɗaki na biyu yana nan da shuɗinsa. Wani mai sayar da takalma ya karɓa da rahusa yana ajiye kaya, ya ce zai tashi ƙarshen shekara. Fitila mai ƙyalƙyali tana rataye a ɗakin Goggo, kuma a can ta yi kyau ƙwarai. Ta riga ta ce in na zo hutu in kama kankara. Duk wanda zai biyo ta Mokola a Disamba, ya zo da tsohuwar riga. Goggo ta yi alkawarin tuwo da miyar kuka.