YOLA DA JIMETA: BIN SAWUN MAKAƊA DAGA ƘOFAR FADA ZUWA BAKIN BINUWAI

A wasu manyan biranen Turai akwai wata sana'a wadda ba a saba da ita ba a ƙasar nan. Idan yamma ta yi, sai wani masanin gari ya tara baƙi goma ko ashirin, ya shige gaba suna biye da shi a ƙasa, yana kai su tsofaffin mashaya da gidajen rawa ɗaya bayan ɗaya, yana gaya musu wane makaɗi ne ya tashi a nan, wace ƙungiya ce ta yi suna a can. A Dabilin, babban birnin ƙasar Ayalan, akan kai baƙi mashayar O'Donoghue's, inda mawaƙan nan da ake kira Dubliners suka fara haɗuwa a 1962. A Libaful ta Ingila kuwa akan kai su gidan rawa na Cavern, wanda aka buɗe a 1957, inda samarin Beatles suka yi wasa kusan sau 300 tsakanin 1961 da 1963. An rushe wannan gida a 1973. Da mutanen garin suka gane asarar da suka tafka, sai aka sake gina shi a 1984, har da wasu daga cikin tubalansa na asali.

To, Yola da Jimeta ma suna da nasu wuraren da kiɗa ya zauna ya yi jijiya. Bambancin kawai shi ne, a nan babu allo a jikin bango, tarihin duk yana cikin kawunan dattawa ne, su kuwa kullum raguwa suke yi. Wanda ya sami ɗaya daga cikinsu ya yi masa jagora, yana iya bin sawun makaɗan garuruwan nan biyu a yini guda: safiya a Yola, maraice a Jimeta. Lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan zagaye, gama a watannin Maris da Afrilu ranar Yola ba ta barin mutum ya yi doguwar tafiya a ƙasa.

ƘOFAR FADA

Daga ƙofar fadar Lamiɗo ake farawa, domin nan ne garin ya faro. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna a Gurin da Ribaɗu kafin ya kafa Yola a 1841. Sunan garin daga kalmar Fulatanci “yolde” ya fito, watau tudu, ita kuwa ƙasar baki ɗaya Fombina ake ce mata, watau Kudu. Shekara goma bayan kafa garin, a watan Yuni na 1851, Bajamushen nan Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya iso Yola daga Barno. Lamiɗo Lawal bai amince da shi ba, bayan 'yan kwanaki kaɗan ya sallame shi.

Baƙon da ya zo ranar Juma'a ko lokacin hawan Salla zai ji abin da fadojin Arewa suka gada: kakaki da algaita da ganguna suna rakiyar Lamiɗo zuwa masallaci. Amma akwai abin lura a nan wanda jagora nagari ba zai tsallake ba. A al'adar Fulani, kunya ita ce gishirin mutumci, saboda haka ɗan babban gida ba ya ɗaukar ganga, ba ya kuma tsayawa gaban jama'a yana wasa wani. Wannan aiki na bambaɗawa ne, waɗanda da Fulatanci ake kira “wambaaɓe”, da kuma makaɗan da asalinsu Hausawa ne ko Barebari, waɗanda suka biyo fatake da malamai suka zo Fombina. Shi ya sa a fadojin Adamawa, har da na tsallaken iyaka cikin Kamaru, mutum kan ji ana yi wa basaraken Fulani kirari da Hausa. Irin waƙar da malaman Fulani suka rungume ita ce ta addini, wadda ake rubutawa da ajami, ana rera ta ba tare da kiɗa ba. Shehu Usmanu kansa ya yi irinta da yawa cikin Fulatanci.

A harabar fadar akwai gidan ajiye kayan tarihi na Fombina, inda baƙo zai ga kayan sarauta da na yaƙi na zamanin da. Daga nan sai a taka zuwa Wuro Hausa, watau unguwar Hausawa. Fataken Kano da Katsina da suka zo neman hauren giwa a ƙarni na 19 ba su zo su kaɗai ba. Mahauta sun biyo su, kuma duk inda mahauci ya sauka, mai kalangu yana bayansa. Masu goge da masu molo su ma sun sami wurin zama. Wannan unguwa ita ce ƙofar da kiɗan Hausa na talakawa, wanda ba na fada ba, ya shigo Yola.

Kafin a bar tsohon gari, ya kamata a leƙa wajen tafkin Njuwa, a tuna cewa kafin zuwan Fulani ƙasar nan ta Bata ce, waɗanda suke kiran kansu Bwatiye. Bikin kamun kifi na Njuwa, da gangunansa da raye-rayensa, gadonsu ne. Ke nan tun kafin a buga tambarin farko a Yola, akwai kiɗa a wannan kwari.

BAKIN RUWA

Tsakanin Yola da Jimeta tafiyar kamar mil biyar ce, don haka a nan mai zagaye yakan huta da ƙafa ya shiga keke mai ƙafa uku. Jimeta ba fada ce ta haife ta ba, kogi ne. Tun a shekarun 1880 kamfanin Turawan Ingila, wanda daga baya ya zama Royal Niger Company, yake ciniki a kan Binuwai, kuma da yake Lamiɗo bai yarda su yi gini a tudu ba, sai suka mai da wani tsohon jirgin ruwa kantinsu. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci Yola da yaƙi, Lamiɗo Zubairu ya fita bai miƙa wuya ba, aka naɗa Bobbo Ahmadu a gurbinsa. Daga nan bakin ruwan Jimeta ya zama tashar jirage da mazaunin 'yan kasuwa da ma'aikata.

Jiragen ba sa iya isowa sai ruwa ya cika, watau daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta. A cikin waɗannan 'yan watanni ake sauke gishiri da yadi da kananzir, a loda gyaɗa da auduga da fatu. Garin yakan cika da matuƙan jirgi da 'yan dako da akawuna: Nufawa, Jukunawa, Yarabawa, Ibo da sauransu. Mutumin da ya yi wata guda a kan ruwa, ya sauka da kuɗi a aljihu, lalle zai nemi inda ake kiɗa. Ta wannan hanya ce garmaho da fayafayensa suka iso, aka fara jin kiɗan hailaif na bakin teku a gefen Binuwai.

Dokar Turawa kuma ta taimaka wajen tsara yadda wuraren shaƙatawa suka kasance. Tun daga yarjejeniyar Burasal ta 1890 aka hana shigo da barasa mai ƙarfi cikin ƙasashen Musulmi na wannan yanki, Gwamna Lugga kuma ya tsananta hanin a Arewa. Sai abin ya rabu uku. Turawa suna da kulob nasu wanda ɗan ƙasa ba ya shiga sai in aiki ya kai shi. Ma'aikatan da suka zo daga Kudu suna da nasu wuraren rawa. Su kuwa ƙabilun ƙasar, irin su Bachama da Bata da Chamba da Kilba da Bura, suna da gidajen burkutu, inda mata ke dafa dawa a manyan tukwane, maza suna zaune a da'ira da ƙwarya a hannu. A waɗannan gidaje ne mutumin da ya baro ƙauyensu yake jin waƙar garinsu da harshen uwarsa. Ga wanda yake neman tarihin kiɗan ƙananan ƙabilun Adamawa a cikin birni, babu inda ya adana shi kamar nan.

Yau wanda ya tsaya a bakin ruwan ba zai ga jirgin kaya ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse zirga-zirgar, manyan motoci suka karɓe sufurin, sa'an nan madatsar ruwa ta Lagdo da Kamaru ta kammala a 1982 ta sauya halin kogin. Abin da ya rage shi ne kwale-kwalen masunta, da masu ɗibar yashi, da gadar da ta ratsa zuwa Girei da hanyar Mubi.

ZAMANIN GONGOLA

Daga bakin ruwa sai a hauro cikin gari, a ratsa tsofaffin unguwanni irin su Limawa da Rumde da Luggere da Doubeli. A nan ne labarin ya fi armashi. A 1976 Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama babban birni, ofisoshin gwamnati kuwa a Jimeta aka zuba su. Lokacin kuɗin man fetur ne. Ma'aikata da 'yan kwangila da sojoji suka cika garin, otal-otal suka yawaita, kuma otal ɗin da ba shi da kiɗa a daren Asabar bai cika otal ba.

Jimeta ta sami abin da Kano da Kaduna ba su samu ba, watau maƙwabtaka da Kamaru. Garwa tana nan kusa a kan kogi ɗaya, gidan rediyonta yana watsa shiri da Fulatanci da Hausa, ana kama shi sarai a Yola. Ta wannan kafa kiɗan makosa ya shigo, musamman bayan da Manu Dibango ya yi suna a duniya a 1972, haka kuma kiɗan Kwango na su Franco. A 1976 Prince Nico Mbarga, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, mahaifiyarsa 'yar Nijeriya, ya fitar da faifansa na “Sweet Mother”, wanda ya game gidajen rawa na ƙasar nan kaf. Daga baya Ali Baba na Garwa ya ɗora waƙar Fulatanci da ta Hausa a kan kayan kiɗan zamani. Ta ɓangaren yamma kuwa kaset ɗin Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, da na masu kukuma irin su Garba Supa da Ahmadu Doka, su ne abokan hirar direbobi da masu shayi a tasha. Gidan Rediyon Gongola ya riƙa ɗaukar makaɗan gargajiya na ƙabilun jihar yana sa su a iska. A dare guda, a unguwa guda, mutum yana iya jin kalangu da jita da gangar Bachama, kowanne daga tasa kusurwa.

Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: wuraren nan ba masallatai ba ne. An sha giya, an yi caca, an yi zaman banza, gidaje da dama sun mutu saboda su, malamai da limaman coci kuma sun yi ta wa'azi a kansu. Amma kuma a cikinsu ne makaɗin da ba shi da ubangida a fada ya sami abin sa wa a bakin salati, a cikinsu ne kuma Bafulatani da Babachame da Ibo suka zauna a benci ɗaya. Tarihin gari ba ya cika in an zaɓi mai daɗin faɗa an binne saura.

ABIN DA YA CI SU

Zagayen yakan ƙare a wajen babbar kasuwar Jimeta, gama a nan ne za a fahimci dalilin da ya sa daren garin ya sauya. A ƙarshen Fabrairu na 1984 rikicin 'yan Maitatsine ya ɓarke a Jimeta, ɗaruruwan mutane suka hallaka, kasuwa ta ƙone. Bayan haka tattalin arziki ya karye, albashi ya daina isa, mai otal ya ga cewa na'urar kaset ta fi masa sauƙi bisa ga ciyar da makaɗa takwas. A 1991 aka raba Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba, ma'aikata da yawa suka koma Jalingo. Adamawa ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'a daga 1999, saboda haka ba doka ce ta rufe wuraren ba. Amma da rikicin Boko Haram ya zo, Mubi ta faɗa hannunsu a 2014, bama-bamai suka tashi a Jimeta a watannin Yuni da Nuwamba na 2015, sai taron dare ya zama abin tsoro. Fili kuma ya yi tsada, tsofaffin gine-gine suna ta komawa rukunin shaguna. Kiɗa bai mutu ba, yana nan a gidajen biki da coci-coci da wayoyin samari, amma wuraren da ya girma a cikinsu suna ɓacewa ba tare da an rubuta ko sunayensu ba.

Gyaran abin bai fi ƙarfin jama'a ba. Akwai Jami'ar Modibbo Adama, akwai Jami'ar Amurka ta Nijeriya a Yola, akwai hukumar al'adu ta jiha, akwai kuma gidan rediyon jiha wanda ya gaji na Gongola. Ɗalibai suna iya zama da tsofaffin makaɗa da direbobi da matan da suka yi sana'a a unguwannin nan, su ɗauki muryoyinsu, su zana taswirar inda kowane gida yake. Duk tsohon faifai ko kaset da ya rage, a juye shi cikin kwamfuta tun zafi da ƙura ba su gama da shi ba. Sa'an nan a horar da samarin da ke jin Hausa da Fulatanci da Ingilishi su riƙa yi wa baƙi jagora, su ma su sami abin yi.

Wanda yake ƙyamar mashaya ba sai ya shiga ba, ba kuma sai ya kurɓi kome ba. Ko a Turai da yawa daga masu bin irin wannan zagaye labarin ne ya kawo su. A Jimeta kuwa ga mai shayi, ga mai tsire, ga kifin Binuwai a kan wuta. Mutanen Libaful sun rushe nasu, suka dawo suna tsintar tubali. Dattawan da suka san inda aka yi kiɗa a Jimeta suna nan da ransu a yau, amma idan ƙasa ta rufe idonsu, babu tubalin da za a tsinta. Allah ya sa masu iko da masu ilmi su farga tun da sauran lokaci, amin.