Jirgin Da Muka Ƙi Rabuwa Da Shi

Mu masu tuƙin jirgin sama a kwamfuta mun san ɗacin rabuwa. Da can, duk wanda ya kunna Flight Simulator, daga ƙaramin filin Meigs na Shikago yake tashi, a bakin tafki. Cikin dare ɗaya a 2003, magajin garin ya sa aka farfasa titin filin na gaske. Wasan ma daga baya ya sauya mana mafari.

Amma abin da ya fi ci mana rai shi ne jiragen da muke saye daban mu ɗora. Akwai wani Boeing 727 da muka yi watanni muna haddace makunnansa, har muka iya tayar da injinansa uku ba duba takarda. Da sabon wasa ya fito a 2020, sam ya ƙi karɓarsa. Maƙeransa kuwa tuni sun watse, wa za ka kai wa kuka?

Sai muka keɓe masa tsohuwar kwamfuta a lungun ɗaki. Idan an kawo wuta da daddare mukan kunna ta, mu jira fankarta ta gama tari, sannan mu tayar da inji na farko.