Wace Waƙa Za Mu Aika?

Akwai wata gasa da ƙasashen Turai ke yi kowace shekara cikin watan Mayu, wadda su ke kira Eurovision. Kowace ƙasa ta kan zaɓi waƙa guda da wanda zai rera mata ita, a taru a gari ɗaya a kara, a na nunawa a talabijin, mutum fiye da miliyan 150 na kallo. Tun da Edita ya ce kowane ɗalibi ya kawo wa mujallar nan abin da ya tsinto a wurin gwajin koyarwa, to, ni abin da na tsinto ke nan a Mararaba. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada. A dai yi mini haƙuri a bi ni sannu, za a ga inda ruwan ya ke.

An fara wannan gasa a garin Lugano na ƙasar Suwizalan ran 24 ga Mayu, 1956, da ƙasashe 7 tak, watau shekara 11 bayan ƙare Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗanda jiya su ke jifan juna da bam, ga su yau a zaure ɗaya suna jifan juna da waƙa. Dokokinta ba su da yawa, amma tsaurara ne. Waƙa ba ta wuce minti 3. Ba a hawa dandamali fiye da mutum 6. Murya lalle ta fito daga bakin mai ita nan take, amma kiɗan an riga an ɗauke shi, sakinsa kawai a ke yi. Ba a yarda da waƙar siyasa ba. In an gama kowace ƙasa ta raba maki, daga 1 zuwa 8, sa'an nan 10, sa'an nan 12 ga wadda ta fi burge ta. Dokar da ta fi kama mini hankali kuwa ita ce, ba ƙasar da a ka yarda ta ba kanta ko maki ɗaya.

Kafin a kai ga wannan dare, sai kowace ƙasa ta yi ta fama a gida tukuna, gama zaɓen gwani a cikin gida ya fi karawa da baƙi wuya. Mutanen Suwidin su kan yi mako 6 suna zagaya garuruwansu da mawaƙa, kowace Asabar a tankaɗe a rairaye, jama'a na jefa ƙuri'a ta waya, har a fid da guda. Ba banza ba sun ci gasar sau 7. Italiya tana da bikin waƙa na garin Sanremo tun 1951, wanda ya ma girme wa Eurovision ɗin, kuma wanda ya ci shi a kan fara yi wa tayin tafiya. Waɗansu ƙasashe kuwa ba ruwansu da wannan wahala. Manyan gidan talabijin su kan shiga ɗaki su rufe ƙofa, su fito su ce ga wane. In ya ci a yi murna, in ya fāɗi a yi ta zaginsu har shekara ta kewayo.

Sai maganar harshe, wadda ta daɗe tana ba su ciwon kai. A 1966 su ka kafa doka kowa ya yi da harshen ƙasarsa. A 1973 su ka cire ta, shi ya sa ƙungiyar ABBA ta Suwidin ta ci a 1974 da Ingilishi. A 1977 su ka mai da ita, a 1999 su ka sāke cire ta. Da cire ta kuwa sai kowa ya ruga Ingilishi, wai don a ji shi. Amma Sabiya ta ci a 2007 da harshenta, Fotugal ta ci a 2017 da nata, Italiya haka a 2021. Su kuwa masu Ingilishin, mutanen Ingila, sun koma gida ba ko maki ɗaya a 2003, sun kuma maimaita a 2021. Ashe ba jin maganar kaɗai ke sa a so waƙa ba. Har su mutanen Suwidin, bayan shekaru fiye da 20 suna aron bakin wani, a 2025 su ka aika da samari 3 masu waƙar wankan tururi da harshen gida, su ka zo na 4, a ka yi ta dariya a na amshi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ƙasar Afirka ɗaya ce ta taɓa shiga, watau Maroko, a 1980, a birnin Heg na Holan. Ta aika da wata yarinya, Samira Sa'id, ta yi waƙarta da Larabci. Cikin ƙasashe 19 ta zo ta 18, da maki 7, dukansu kuma daga Italiya. Maroko ba ta ƙara komawa ba. Ita yarinyar fa? Ta ƙaura Masar, ta zama ɗaya daga cikin manyan zabiyoyin ƙasashen Larabawa. Ni dai a ganina Maroko ta yi saurin fushi, gama ba a cin kasuwa ranar da a ka fara kasa kaya.

Mu Nijeriya ba mu cikin wannan gasa, don ta ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin na Turai ce. Wadda Rasha ta farfaɗo da ita a Mosko a watan Satumba na 2025, mai suna Intervision, Kenya da Habasha da Masar da Madagaska da Afirka ta Kudu sun je, mu ba mu je ba. Gasar Project Fame da a ka soma a 2008, mai haɗa 'yan Nijeriya da Gana da Laberiya da Saliyo, kowa kansa ya je yi wa waƙa, ba ƙasarsa ba. Amma a ce gobe an aiko mana da goron gayyata, an ce ku kawo waƙa ɗaya, minti 3. Jama'a, wace za mu aika?

Kada a ce ba mu taɓa gwada zaɓen waƙa ɗaya don ƙasa duka ba. Mun gwada, a kan taken ƙasa. Na 1960 wata Baturiya ce, Lillian Jean Williams, ta tsara kalmominsa. A 1978 a ka ce a'a, sai namu na gida, a ka harhaɗa daga rubutun mutum 5, Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda ya sa masa kiɗa. Ran 29 ga Mayu, 2024 kuma a ka komo wa na farko. Duk juyin nan da Ingilishi a ka yi shi. Harsunanmu sun kai ɗari 5, amma da a ɗauki na wani a bar na wani, gara mu duka mu ari na baƙo. Ga kuma abin da ya faru a bikin FESTAC na 1977 a Ikko, inda hukuma ce ke tsara wanda zai hau. Fela Kuti ya fice daga kwamitin shiri, ya koma gidan rawarsa, manyan baƙin da a ka gayyato kuma su ka riƙa binsa can da dare.

Na zauna na auna manyan mawaƙanmu na Hausa da dokokin nan na Turawa, sai dariya ta kama ni. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, minti 3 ai ko gaisuwa bai gama ba. Mutum 6 kuwa, tsakanin masu kalangu da 'yan amshi da sanƙira, wa za a bari a ƙasa? Babbar matsalar ma ita ce kiɗan da a ka riga a ka ɗauka. Kalangu magana ya ke yi. Mawaƙi ya faɗa, makaɗi ya mayar masa, in wani babban mutum ya shigo fili a juya waƙar kansa nan take. Faifai ba ya ganin wanda ya shigo. Narambaɗa kuma, da kotsonsa, waƙarsa tana da ubangida, Sarkin Gobir na Isa, kuma rabin daɗinta yana cikin sanin wanda a ke yi wa zambo. Baturen Norwe ina zai san wannan? Wanda na ga dokokin sun yi masa daidai kamar an auna shi, shi ne Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015: mutum ɗaya, kuntigi ɗaya, gajeruwar waƙa a kan karen mota ko zaman aure, abin da kowace ƙasa ta sani. Shi ma sai an bar shi ya kaɗa kuntiginsa da hannunsa, in ba haka ba an yanke masa harshe ɗaya cikin biyu.

To, bari in zo kan Mararaba. Wanda bai san ta ba, gari ne a bakin iyakar Abuja, daga Nyanya sai ita, a ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Mutanenta a nan su ke kwana, a Abuja su ke wuni. Tun asuba hanyar Keffi ta cushe, haka kuma da magariba. Duk wanda tsadar haya ta koro daga birni nan ya ke sauka, saboda haka ba ƙabilar da babu. In ka tsaya a kasuwar lemu minti 10 sai ka ji harshe 10.

Ajin da a ka ba ni, aji 5 na firamare, yara 64 ne: Hausawa da Fulani, Gbagyi, Tibi, Ibo, Yarbawa, Eggon, Mada, da 'yan ɗai-ɗai na waɗansu wurare. Hedimasta ya ce ranar ba da kyaututtuka kowane aji zai yi waƙa ɗaya ta gargajiya. Ɗaya fa. Kowane rukuni ya kawo tasa a ka ji, na ce a ɗaga hannu. Ba sai na gaya muku ba, kowa tasa ya ɗaga wa, ta Hausa ta ci don su su ka fi yawa. Wata yarinya Batibiya da ke zama a gaba ta miƙe ta ce, "Malam, in haka ne ai ba sai mun yi waƙa ba, a ƙirga mu kawai." Aji ya yi tsit. Ba ta faɗi ƙarya ba.

Malamin ajin, wani dattijo da ya kusa barin aiki, shi ya tuna mini da dokar nan ta Turawa, don ɗansa ya taɓa nuna masa gasar a waya. Kashegari mu ka raba allo gida 8. Kowane rukuni, ko yara 20 ne ko 3, maki iri ɗaya gare shi: 3 ga waƙar da ya fi so, 2 ga mai bi mata, 1 ga ta uku, kuma ba mai ba tasa. Kai, ban taɓa ganin yara sun kasa kunne haka ba! Jiya kowa jira ya ke a zo kan tasa, yau kuwa tilas ya saurari ta wani, don a nan makinsa zai sauka. Waƙar Gbagyi ta ci, 'yar gajeruwa mai tafi, mai amshin da ko jariri zai kama. Yaran Gbagyi 5 ne kacal a ajin.

Kada in yi muku ƙarin gishiri, ba zallar adalci ba ne. Na lura manyan rukunoni sun ƙi ba juna maki don kada kishiya ta ci, su ka zuba wa ƙananan. Turawan ma haka su ke, Girka da Kubrus sun shahara da miƙa wa juna 12. Amma ko da wayon, sai da kowa ya koyi waƙar da ba ta gidansu ba, ya kuma tsaya gaban iyayensa ya rera.

Nan kuma wata ta taso. Wani uba ya zo makaranta da sassafe, ransa a ɓace, ya ce, "Malam, me ku ke sa 'yata tana faɗa? Ni ban san ko kiran wani abu ba ne." Na ce, "Baba, gaskiyarka, zo mu tambaya." Mu ka aika a ka ɗauko kakar ɗaya daga cikin yaran, tsohuwa tukuf, ta zauna a kan benci ta fassara mana da Hausarta mai daɗi. Ashe waƙar mata ce masu komowa daga gona da kaya a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗauka, suna yi wa wadda ta makara tsiya. Uban ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce shekararsa 19 a garin nan, a ƙasar Gbagyi ya gina gidansa, bai taɓa sanin ma'anar kalma ɗaya ta bakinsu ba. Mu ka rubuta fassarar a takarda a ka raba wa iyaye kafin ranar.

Saboda haka in an tambaye ni yadda Nijeriya za ta zaɓi waƙarta, ba zan ce a bar wa kwamiti a Abuja ba, ba kuma zan ce a sakar wa masu waya su yi ta aika ƙuri'a ba, gama wannan ƙidayar jama'a ce, mun kuwa san yadda ƙidaya ta ke ƙarewa a ƙasar nan. Ba na kuma son a ce bana Arewa, baɗi Kudu, kamar rabon muƙami. Sai in ce kowace jiha cikin 36, da Abuja, ta fid da tata da harshen da ta ga dama, a sa fassara a ƙasan allon talabijin, kowace jiha ta raba maki daidai da 'yar'uwarta, kada kuma wadda ta ba kanta. Mai yiwuwa ta Hausa ta ci, mai yiwuwa ta wani harshe da ni da ku ba mu taɓa jin sunansa ba. Zan so ta Hausa ta ci, ba na ɓoyewa, amma na fi so a ce mutanen Binuwai da Inugu ne su ka ba ta.

Kafin a kai ga wannan, ga daren al'adu na kwalejinmu nan tafe a zango mai zuwa, inda shekara 3 ke nan a jere ƙungiyar da ta fi yawan 'yan tafi ke ɗaukar kofi. Ina roƙon Shugaban Kwamitin Wasanni ya gwada wannan tsari sau ɗaya. Allo da alli ina da su, ni kuma na ɗauki nauyin lissafi.